Janar Aradu da Yaƙin Kabeji

A garin Iksan, bayan tashar jirgin ƙasa, akwai wani kamfani mai yin safar hannu ta roba, irin jar nan mai kaiwa gwiwar hannu. A sashen tallansa akwai wani ƙaramin manaja wai shi Pyo Dal-su, wanda in da cika baki ake sayarwa, da tuni ya saye kamfanin har da kujerunsa. Da rana ma'aikaci ne da ya daɗe a kujera ɗaya har ta ɗauki siffar mazaunansa. Amma da ya koma gida ya kunna kwamfuta, ya maƙala abin magana a kunne, sai ya zama Janar Aradu, shugaban wata runduna a wasan yaƙi na intanet, inda ake haɗuwa a shiga kogo, a kashe dodo, a raba ganima.

Ba wanda ya tsira daga wannan labari. In tsautsayi ya haɗa ka da shi wurin cin abinci, miyarka za ta huce kana jin yadda ya kayar da Dodon Ƙanƙara.

"Ku nan ba ku san shugabanci ba," in ji shi. "Ni fa akwai likitan haƙori a ƙarƙashina. Akwai lauya. In na ce lauya ya kwanta, kwanciya yake yi."

Bang Hye-suk, akantar kamfanin, rana ɗaya aka ɗauke su aiki, saboda haka ba ta raga masa. "A wasa dai, Janar. A nan ko injin kofi sai ka lallashe shi yake ba ka."

Abin da ke cin ran Dal-su ɗaya ne, kujerar daraktan sashe. Darakta No Pil-gyu, dattijo mai ciwon baya, zai yi ritaya a ƙarshen shekara, har ya sayi sabuwar fatsa yana nuna wa mutane hotonta kamar ta jika. Dal-su kuwa ya sa wa kujerar nan rai har ya je aka sassaƙa masa allon suna na tebur, na baƙin dutse mai nauyi, an rubuta DARAKTA PYO DAL-SU da ruwan zinariya. Ya naɗe shi da tawul ya ɓoye a bayan mota. Hye-suk kaɗai ta taɓa ganinsa, ranar da ya rage mata hanya, ta yi dariya har sai da ya tsaya a gefen titi.

Duk farkon sanyi kamfanin kan yi kimjang, wato a taru a harabar masana'anta a haɗa kimci mai yawa, kabejin nan mai yaji da ake tsumawa, a raba wa tsofaffin unguwa masu zaman kaɗaici. Ɗan jarida kan zo ya ɗauki hoton hannuwa sanye da jar safar kamfanin, shi ke nan talla ta samu. Aiki ne na sanyi da ciwon ƙugu, ba mai son jagorancinsa. Da Shugaba Yeom, wata 'yar tsohuwa da ta kafa kamfanin daga tebur ɗaya a kasuwa, ta tambayi wanda zai riƙe na bana, kowa ya shiga kallon farcensa. Sai Dal-su ya miƙe har kujerarsa ta faɗi.

"Ranki ya daɗe, ba ni. Abin da ake yini ana yi, ni kafin abincin rana na gama."

"Ka taɓa haɗa kimci, Manaja Pyo?"

"Ci dai na taɓa, ranki ya daɗe, tun daga yaye. Amma nawa ba haɗawa ba ne, nawa sarrafa mutane ne. Ki ba su maki, ki kafa musu allo su ga wa ya fi wa, ki ga yadda rago zai zama zaki. Haka na kashe Dodon Ƙanƙara."

"Wane ne kuma wannan? Abokin cinikinmu ne?"

Hye-suk ta cusa fuska cikin kofin shayi.

"To, na ba ka," in ji Shugaba. "Ina neman wanda zai hau kujerar Darakta No. Ranar nan zan zo da tsofaffin da kaina, abin da idona ya gani shi zan bi."

Ranar kimjang gari ya waye da sanyi mai shiga ƙashi. An jera manyan robobi cike da kabejin da ya kwana cikin gishiri, ga dogayen tebura, ga kwaɓin jan barkono da tafarnuwa da citta da romon kifi. Ko yaron goye a Iksan ya san tsarin: a wanke kabejin sosai gishiri ya fita, a tsane shi, sannan a bi shi ganye-ganye ana shafa kwaɓin, a jera a akwati.

Dal-su ya iso sanye da baƙar riga mai hoton aradu a baya. Ya sa an kafa ƙaton allon talabijin a bangon ma'aji, ya aro doguwar kujerar alƙalin wasan tanis ya ajiye a gabansa, ya haye, ya ba allon baya. Sunan kowa na kan allon, nasa a can sama da manyan haruffa. Ya hura lasifika har tattabaru suka tashi.

"Runduna, a saurara! Yau babu manaja, babu akawu, mayaƙa kawai. Kabejin nan shi ne dodo. Masu ɗauko kaya, ku ne masu garkuwa. Masu wanki, ku ne masu magani. Masu shafa barkono, ku ne masu sara. Kowa ga akwati da sunansa. Duk kabejin da ya shiga akwatinka, maki ɗaya ne."

Hye-suk, wadda aka ba jagorancin masu wanki, ta ɗaga jan hannu. "Mu fa? Wanki maki nawa ne?"

"Mai magani ba ya neman maki. Lada yake samu."

"Ladan a wane akwati za mu sa?"

"Akanta Bang, ba a gardama a bakin kogo. Doka ta ƙarshe: duk lokacin da na busa usur, wanda ke ƙasan allo an kore shi daga runduna. A wasanmu ba abin kunya kamar kora. Na ga lauya ya yi kuka a kanta."

Darakta No, da ke zaune kan 'yar kujera da bargo a cinya, ya ɗaga kai. "Dal-su, ni wane ne a cikin yaƙin naka?"

"Mai sara ne, yallaɓai."

"To, zan sara a hankali. Saura min wata guda, ba zan mutu a kan kabeji ba."

Aka fara. Dal-su yana sama yana zuba umarni irin na kogo. "Hagu, a ja hankalin dodo! Masu garkuwa, a matso! A kauce wa wuta!" Wani direba da ya ji maganar wuta ya ruga ya ɗauko tukunyar kashe gobara. Wata sakatariya ta tambaya ko wane ɓangare ne hagun dodo, tunda kabeji ba shi da fuska. Duk da haka hannuwa na tafiya, akwatuna na cika, Dal-su yana shigar da maki a wayarsa baki har kunne.

Da ya busa usur na farko, masu wanki ne kaf a ƙasa, ba su da ko ɗigo. Shi ma ba shi da ko ɗigo, amma wannan karon ya tsallake kansa ba tare da ya lura ba, don janar ba ya ƙirga kansa cikin sojoji.

"Akanta Bang da mutanenki, an kore ku!"

"An kore mu zuwa ina?"

"Ko'ina. Ku bar filin daga."

"To wa zai wanke gishirin?"

"Runduna mai ƙarfi ba ta jiran magani. Sau nawa na ci yaƙi masu maganina duk sun mutu?"

Hye-suk ta dube shi, ta dubi sararin sama mai barazanar ƙanƙara, ta dubi ɗakin cin abinci inda hayaƙi ke fita ta taga. Ta tuɓe safarta a hankali. "Kai, wannan kunya da yawa take. Ku zo mu je mu yi kukanmu a ciki."

Ɗakin kuwa daɓensa da ɗumi, an girka dafaffen nama da gasasshen dankali da miya mai tururi don bayan aiki. Ba a jima ba sai ga korarru ta gilashin taga, sun miƙe ƙafa, kowa da kwano. Hye-suk ta ɗaga dankali ta gaishe da na waje.

Seok Jin-u, wanda bai daɗe da shiga sashen talla ba, ya matso gindin kujerar alƙali. "Manaja, wankakken kabeji ya ƙare. Saura na cikin gishiri."

"Ai kabeji ne ko?"

"Kabeji ne, amma..."

"To sara! Dodo ba ya wanka kafin a kashe shi."

Kowa a wurin ya san abin da hakan zai haifar. Amma Shugaba da bakinta ta ba shi ragama, kuma a kamfanin nan ba a saɓa wa mai ragama a gaban jama'a. Aka dubi Darakta No ko zai ce wani abu. Darakta No yana gyangyaɗi, hannunsa na motsi kamar mai jan kifi. Sai aka shiga tsamo kabeji daga ruwan gishiri ana shafa masa barkono.

Nan kuma wata cuta ta ɓulla. Mayaƙa suka lura cewa hanyar ɗakin ɗumi ta ƙasan allo take. Sai hannuwa suka mutu. Wani ya riƙe kabeji ɗaya yana shafa shi kamar mai yi wa jariri wanka. Wani ya ce a tsaya, ganyen nan bai yi masa kama da sauran ba. Direban nan aka kama shi yana kwashe nasa yana zubawa a akwatin maƙwabci, maƙwabcin yana mayar masa, har suka kusa dambe.

"Naka ne, na gani da idona!"

"Kyauta na ba ka, mutumin kirki. Ana mayar da kyauta?"

Da usur na biyu ya tashi, mutum uku suka yi tsalle suna murna, suka rusuna wa Dal-su har ƙasa, suka nufi nama da gudu.

A duk shekarunsa na janar bai taɓa ganin wanda aka kora yana godiya ba. Amma mai kuri ba ya rasa ta cewa.

"Gwaji ne na yi muku, kun kuwa faɗi! Sabuwar doka. An daina kora. Wanda ya ƙare a ƙasan allo, shi kaɗai zai wanke duk robobin nan da ruwan famfo. Wanda ya zo na ɗaya kuwa, ganima: hutun mako guda, ni zan nemo masa wurin Shugaba."

Wannan ta shiga. Ruwan famfo a sanyin nan ba abin wasa ba ne. Mutane suka waiga allo su ga wa ke ƙasa, suka ga sunan da ke kwance can, suka dubi juna, kowa ya haɗiye dariyarsa. Allon yana jera sunaye ne bisa maki, an kuma goge na korarru, tun tuni manyan haruffan nan suka zame suka sauka har ƙasa. Mai sunan kuwa ya ba allon baya, in ma ya duba wayarsa, idonsa kullum a sama yake.

Hankali ya kwanta, aiki ya kankama. Jin-u da ke son kai uwarsa ganin teku ya duƙufa, hannunsa kamar inji. Can sai lasifika ta ɗauka: "Na ɗaya, Seok Jin-u! Ya wuce mataimakin darakta! Ya wuce Darakta No fintinkau!"

Sunan sabon shiga a saman na darakta, a ƙaton allo, kowa na gani. Jin-u ya yi fari fat kamar gindin kabejin da ke hannunsa. Ya juya wurin dattijon ya rusuna.

"Yallaɓai, a gafarce ni. Ba da gangan ba ne."

"Me ka yi?" in ji Darakta No, yana murza ido.

"Na wuce ka, yallaɓai."

"Zuwa ina?"

Jin-u bai tsaya bayani ba. Da Dal-su ya sunkuya kan waya, ya kwashi rabin akwatinsa ya zuba wa wadda ta riga shi shiga kamfani. Ita kuma ta ga za ta haye kan manajanta, ta tura gaba. Manajan ya tura wa mataimakin darakta. Mataimakin darakta, wanda ko lif na hawa bene ba ya shiga kafin maigidansa, ya ɗauka da hannu biyu ya jera a akwatin Darakta No. Haka kabeji ya yi ta hawa sama bisa girma, hannu zuwa hannu ta ƙarƙashin tebur, har akwatunan dattijon suka yi tsiri suka kare masa iska. Shi kuwa ya ji daɗin inuwar, ya gyara bargo, kabejinsa na tun safe yana cinyarsa.

Dal-su ya ƙirga akwatunan, ya sake ƙirgawa, tsigar jikinsa ta tashi don murna. Daidai nan motar Shugaba ta shigo, bayanta bas cike da tsofaffin unguwa, da ɗan jarida rataye da kyamara. Korarru suka fito daga ɗaki suna goge baki.

"Ranki ya daɗe, barka da zuwa filin nasara!" in ji Dal-su ta lasifika. "An kashe dodo kafin abincin rana, kamar yadda na faɗa. Dubi saman allo! Mutumin da ake cewa ya tsufa, wanda ake cewa bayansa ya ƙare, yau shi kaɗai ya yi aikin samari goma. Tsarina ne ya farfaɗo da shi. Ɗan jarida, rubuta: a hannun shugaba na gari, Darakta No Pil-gyu yana da sauran shekaru a jikinsa!"

Ɗan jarida ya rubuta. Darakta No ya farka ya ga kyamara a fuskarsa, ya ɗaga kabejinsa don bai san abin da zai yi ba.

Al'ada ce babbar tsohuwa ta fara ɗanɗanawa. Kaka Ma, mai sanda da baki ba linzami, ta buɗe akwati, ta yago ganye, ta naɗe, ta sa a baki. Ta tauna sau ɗaya. Idonta ya rufe, fuskarta ta tattare wuri guda, ta miƙa hannu tana laluben iska har aka sa mata kofin ruwa.

"Wane ɗan albarka ne ya haɗa wannan?"

Dal-su ya sauko daga kujera yana gyara riga. "Ni ne jagora, Kaka."

"Zo nan, ɗana. Mun yi maka wani laifi ne? Duk bas ɗin nan ba mai lafiyayyen jini, kowa da ƙwayoyinsa a jaka. So kake a gama da mu yau a huta?"

"Kaka, sabon salo ne, mai ƙarfi."

"Buɗe bakinka."

Ya buɗe, don ba a ƙi. Ta cusa masa ganye guda cur. Dal-su ya ji kamar ya kurɓi teku. Hawaye suka zubo, ya yi ta ƙoƙarin murmushi saboda kyamara, ya ce, "Da daɗi," muryarsa ta fito kamar ta ɗan akuya. Tsofaffi suka fashe da dariya har wata ta riƙe haƙoranta kada su faɗo.

Shugaba Yeom ba ta yi dariya ba, sai dai gefen bakinta na rawa. Ta daɗe tana duban allon daga sama har ƙasa.

"Abin mamaki. Allon nan ya jera mutanena daidai yadda suka shigo kamfani, in ban da mutum ɗaya. Akanta Bang, wanda ya zo na ƙarshe fa, me dokar ta ce?"

"Zai wanke robobi da ruwan famfo, ranki ya daɗe. Shi kaɗai. Janar ne ya kafa ta, har cikin ɗaki muka ji ta lasifika."

Sai a lokacin Dal-su ya juya ya bi allon da kallo har ƙasa. Ga shi nan da manyan haruffa, ba maki ko na magani.

"Ranki ya daɗe, ai janar ba ya... wato a wasanmu..."

"Doka doka ce, Manaja Pyo. Batun kujera kuma, na gode maka ƙwarai. Da na yi babban kuskure, na sallami gwarzo irin wannan. Kai da bakinka ka faɗa, jarida ta rubuta. Darakta No, ka ƙara mana shekara uku."

Kabejin ya suɓuce daga hannun dattijon. "Ranki ya daɗe, fatsata fa?"

"Kifi ba ya tsufa da jira. Hutun mako gudan da na ji ka ci, ka je ka gaishe su."

Darakta No ya juyo ya dubi Dal-su, kallon da ya fi ruwan famfo sanyi. "Dal-su, shekara uku muna tare, tebur na kallon tebur. Ka ji daɗi."

Tausayi ya kama mutane kaɗan, don Dal-su ya yi tsuru-tsuru, lasifika na lilo a wuyansa, ga jan barkono a haɓa. Amma ba a samu lokacin tausayi ba, Kaka Ma ta riga ta naɗe hannun riga. Ta ce akwai sauran kabejin da barkono bai taɓa ba, a zuba shi cikin ruwa mai kyau ko gishirin zai saki, wanda aka riga aka shafa kuma a yanka farin tushen nan mai kama da karas da yawa a cusa tsakaninsa ya shanye. Ba allo, ba usur, kowa ya sa safa ya kama. Aka cika babbar roba da ruwa, sai kabejin ya ƙi nutsewa, yana ta tasowa.

"A samo min dutse mai nauyi in danne shi," in ji Kaka Ma. "Kamfani guda ba dutse?"

Aka duba ko'ina, harabar duk siminti ce. Hye-suk ta matso kusa da Dal-su, wanda ke durƙushe gaban famfo da roba ta farko, hannuwansa sun yi ja ba don safa ba. Ta yi ƙasa da murya.

"Janar, ba ni makullin mota."

Ya ɗago ya dube ta kamar zai yi kuka. "Hye-suk, ruwan zinariya ne fa."

"Ba ya tsatsa. Kuma shekara uku ba abin da zai yi maka."

Ya zaro makullin ya miƙa. Ta dawo da baƙin dutsen, ta yi masa kara ta kifa rubutun ƙasa, ta ɗora kan kabejin. Nan take duk suka nutse, ba wanda ya sake ɗagowa.

Kaka Ma ta danna shi da yatsa, ta gyaɗa kai. "Yawwa. Wannan dai ya iya shugabanci. Na wane ne?"

"Nawa ne, Kaka," in ji Dal-su, ya ja roba ta biyu.